Rijiyar Baba Japhet da Aka Fasa ta Ƙarƙashi

Sun kashe rijiyar Baba Japhet, kuma da rana tsaka suka yi, muna tsaye muna kallo.

Baba Japhet maƙwabcina ne a nan Zuru, katanga ɗaya ta raba mu. Sa'anninsa duk sun tafi soja, shi aka dawo da shi saboda gajarta. Da ya shiga golmo, shekarun da saurayi ke yi wa suruki noma kafin a ba shi mata, sai surukin ya lura yaron ya fi gwaninta da diga a kan garma. Ya sa shi haƙa rijiya. Shi ke nan sana'a ta kama shi. Daga Ribah har Bena akwai rijiyoyinsa. Ta gidansa zurfinta gaba goma sha biyu ne, ko a tsakiyar bazara ba ta taɓa ƙafewa ba. Da ita matarsa, Mama Larai, ke ban-ruwan alayyafo da yakuwa, kuma tun da gwiwarsa ta mutu, lambun nan suke ci.

Bara wani ya sayi filin bayansu zai yi gidan fiya wata. Aka haƙa bohal, ruwa ya ƙi fitowa sosai. Sai ga tanka biyu da wani ƙaton inji. Wai za su toshe bakin ramin, su ɗura ruwa da ƙarfi har dutsen ƙasa ya tsage ya saki nasa ruwan.

Baba ya dogara sanda ya je wurin injiniyan da ke kula da aikin, ina biye da shi.

"Ɗana, na shiga cikin ƙasar nan. Jar ƙasa ce a sama, sai marmara, sai yashi, kafin dutse. Ka toshe ramin har ƙarƙashin yashin?"

"Baba, ka yi makarantar wannan aikin ne?"

"Shekara arba'in na yi a cikin rami. Kai nawa ka yi? In ka matsa ruwa ba dutse zai fasa ba, wuri mai laushi zai bi. Zai ratsa yashin a kwance ya ɗaga mu duka."

Injiniya ya yi dariya. "To Farfesa, je ka huta, rana ta yi zafi."

A kwana na biyu ruwan rijiyar ya koma ja, ya hauro yana kumfa. Daɓen tsakar gidan Baba ya kumbura, ƙofar ɗaki ta ƙi rufuwa. Da suka kashe injin ƙasa ta koma, amma ba yadda take ba. Bango ya tsage daga tushe har kwano, hannuna na shiga ciki. Kafin Lahadi Mama Larai ta jefa guga, sai ƙararsa muka ji a kan laka. Ruwan ya bi tsagar ya tafi bohal ɗinsu. Yanzu a leda suke ɗaure shi.

Mun je wurin mai unguwa, ya ce a yi haƙuri. Mun je ofis, suka ce mu kawo shaida. Shaidar tana ƙarƙashin ƙasa, wa zai shiga ya ɗauko? Wanda ya iya shiga ba ya iya tsugunawa.

Lambu ya bushe. Baba kullum sai ya leƙa rijiyar, ya ce mini, "'Yata, ko damina ba za ta cika ta ba, gindinta a buɗe yake." Ban taɓa jin ya yi kuskure a kan rijiya ba. Ga hadari ya soma haɗuwa, kuma a ɗakin nan mai tsaga suke kwana.

Kai mai gidan fiya wata, da kai injiniya, na san kun ji kun yi shiru. Ku ja musu famfo daga ruwan da kuka kwashe, ku zo ku tayar da bangon nan kafin ruwan farko ya sauka.