Takardar da Ba Ta da Lamba

Shekara ashirin da uku ke nan ina riƙe da ɗakin kati a asibitin mata. Ɗaki ne mai taga ɗaya da aka yi wa ƙarfe, da kanta tara, da teburi, da wani kwandon waya da nake jefa takardun da ba su cika ƙa'ida ba. Ƙa'idar kuwa ni na kafa ta: takarda ba ta shiga fayil sai da lamba, lamba ba ta samuwa sai da kati, kati kuma sai an bi layi, daga bakwai na safe zuwa goma. Kafin zuwana fayil ɓacewa yake yi kamar allura. Tun da na zo ko ɗaya bai ɓata ba.

Matar da zan ba da labarinta Mai Bokiti ake ce mata. Ta zo asibitin tana budurwa, jinyar mahaifiyarta. Ta ga ƙasan ɗakin ya yi kaca-kaca, ta ɗauki bokitin da ta gani a lungu ta goge. Washegari ta sake. Uwar ta rasu a rana ta goma sha biyu, ita kuwa aka ce ta dawo ranar Litinin, tunda hannunta ya faɗa. Shekara goma sha bakwai tana goge ɗakin haihuwa da barandarsa, ɗakina ne na ƙarshe a zagayenta. 'Ya'yanta huɗu duk a nan ta haife su, babu wanda aka yanka wa kati. Ta gida ce, in ji su. In naƙuda ta zo sai ta jingine mofa ta hau gado, bayan sati uku ta dawo.

Kullum in ta shigo wurina magana ɗaya take fara yi: "Akawu, ɗaga ƙafarka." Sai in ɗaga.

A ciki na biyar, tana wata takwas, ta ga ɗigon jini. Mai ɗaukar hoton ciki ya yi mata alfarma a lokacin hutunsa, ya duba ta, ya buga takarda bai sa lamba ba, tunda ba ta da ita. Babban likita ya karanta a tsaye a baranda, ita tana riƙe da bokiti. Ina wucewa da fayiloli, na ji komai. Ya ce mabiyiya ta zauna a ƙasa, tsakaninta da bakin mahaifa bai fi faɗin yatsa ba. Ya ce akan gwada haihuwa da kai a irin wannan, in akwai jini a ajiye kuma ɗakin tiyata na nan a shirye, wasu su sauka lafiya, wasu jini ya ɓalle. Ko kuma a sa rana a yi mata aiki.

"Jikinki ne. Ki je ki yi shawara da maigidan."

"Likita, a yi aikin."

"Ba za ki yi tunani ba?"

"Ni ke goge jinin nan. Na san nawa ne a jikin mace, da bokiti nake auna shi."

Ya yi dariya, ya rubuta a gefen takardar cewa a yi mata aiki ranar ashirin ga wata, a tanadi jini leda biyu, kada a duba ta da hannu. Ya sa hannu, ya ce ta kawo mini. Bayan kwana biyu ya tafi kwas.

Ta kawo ta da ƙarfe goma sha ɗaya da minti ashirin. Ina da littafin da nake rubuta duk wanda ya zo taga bayan an rufe, shi ya sa na san lokacin. Na ce ba lamba, ta zo gobe ta bi layi.

"Akawu, bakwai zuwa goma ina ɗakin haihuwa. Ka san Sista."

Na san Sista. Ita ce babbar ungozoma, mace mai iya aiki da kaifin baki, wadda ba ta yarda a ajiye mofa kafin goma ko gobara ake yi. Na ce ta nemi izini. Ta ce to in ajiye mata takardar, don in ta kai gida mijinta zai gani. Direban babbar mota ne, ya riga ya rantse ba mai tsaga masa mata, matan gidansu ba ragwaye ba ne. Na jefa takardar a kwando.

Ta sake zuwa ranar Alhamis, goma da minti bakwai. Na nuna mata agogo. Ta zo ranar Litinin, goma da kwata, tana haki, hannunta da kumfa. Ta ce Sista ta ce in ta ga ta tsaya a layi da kayan aiki, to ta tsaya a can har abada.

"Yanka katin nan minti nawa ne, don Allah?"

"Ba maganar minti ba ce. In na yi miki, gobe mai wanki ta zo, jibi mai gadi ya kawo matarsa."

"Allah ya bar mu da kai, Akawu. Ranar da mala'ika ya zo ɗaukar ranka ma sai ka ce ya bi layi." Ta ja bokitinta. "Ɗaga ƙafarka."

Yanka katin minti huɗu ne. Na sha aunawa.

Ranar Talata, saura kwana tara ranar da aka sa, naƙuda ta kama ta a baranda wajen ƙarfe ɗaya na rana. Abin da ya faru a ciki daga bakin nas ɗin da ke wurin na ji shi, kuma ita ma Mai Bokiti ba ta musa ba. Ta ce wa Sista aiki za a yi mata, likita ya rubuta. Sista ta riƙe ƙugu.

"Iye. Huɗu kin zubo su kamar akuya, yau kuma kin zama matar manya? Wa zai goge mana ƙasa wata uku?"

"Wallahi ya rubuta, Sista. Tana wurin Akawu."

"Hau gado, uwar son jiki."

Likitan da ke aiki ranar sabo ne, satinsa biyu. Ya ce a kawo fayil. Nas ta zo tagata da ƙarfe ɗaya da minti goma ta ce, "Fayil ɗin Mai Bokiti." Na ce ba ta da fayil. Gaskiya na faɗa. Ba ta tambayi takarda ba, ta juya da gudu. Kwandon yana kusa da gwiwar hannuna. Ina jera fayilolin waɗanda aka sallama a lokacin, kuma ba na barin jeri a rabi, don a nan ake ɓatar da abu. Na ce a raina haihuwa ai takan ɗauki sa'o'i. Na ƙarasa, na kulle taga, na ɗauki takardar. Ƙarfe biyu saura minti goma na isa ƙofar ɗakin haihuwa.

Kafin nan Sista ta riga ta duba ta da hannu, an kuma ɗaura mata ruwan ƙara naƙuda. Jinin ya biyo ƙarƙashin ƙofa har ya taɓa takalmina. Babu jini a ajiye da sunanta. Ɗakin tiyata kuma ba sa karɓar mutum sai da lamba, wannan ma ƙa'idata ce. Na koma da gudu na yanka mata kati.

Namiji ne, bai zo da rai ba. Ita an cire mata mahaifa. Mijin ya iso washegari, ya tsaya a bakin gado ya ce ai ga abin da son wuƙa ke jawowa. Da aka sallame ta gidan yayarta ta wuce, har yau tana can da yaran.

An kafa kwamiti. Takardar da na miƙa wa Sista a ƙofa ta dawo mini da ita da kanta, ta ajiye a kan teburina.

"Ba lamba, Akawu. Ba tamu ba ce. Ko ba haka kake cewa ba?"

A gaban kwamiti na fito da ita. Shugaban ya juya ta gaba da baya, ya tambaye ni ko a ranar tana cikin wani fayil. Na ce a'a. Ya tambaya ko akwai laifin da ɗakin kati ya yi bisa ƙa'ida. Na dubi takardar da ke hannunsa, ya ce a rubuta babu. Rahoton ya ce marar lafiya ta ƙi yin rajistar awo duk da tana aiki a asibiti, a ja mata kunne. A sakin layi na ƙarshe an yaba wa tsarin ɗakina. Na buga wa takardar lamba a ranar, na sa ta a fayil ɗinta, kanta ta shida.

Ta dawo aiki bayan wata uku, ta rame, tana ɗaukar bokitin rabi-rabi. Sati biyu tana goge ɗakina ba ta ce mini komai ba, ni nake ɗaga ƙafa da kaina. Ran nan ta tsaya a gaban kanta ta shida.

"Takardar nan akwai hoto a jikinta."

"Akwai."

"Shi ke nan hotonsa. Ba su nuna mini shi ba."

Takardar da ta shiga fayil ba ta fita, sai da wasiƙa da sa hannun shugaban asibiti. Na buɗe baki zan faɗa mata haka. Sai na tashi na jawo fayil ɗin, na zare takardar, na miƙa mata. Ban rubuta a littafi ba.

Ta goge hannunta a zani, ta karɓa. Ta daɗe tana kallon baƙin hoton, sannan ta ninke ta sa a aljihun riga. Ta dube ni, ba fushi a fuskarta.

"Ashe ana iyawa," ta ce.

Ta ɗaga kwandon wayar ta goge ƙarƙashinsa, ta mayar da shi daidai inda yake.