Aron Uba

Duk manomin da ya taɓa kai auduga fuloti tsakanin Funtuwa da Malumfashi a shekarun saba'in ya san Raufu Ayinde, ko da bai riƙe sunan ba. Wani gajeren Bayarabe ne mai tsage a kumatu, kullum da akwatin katako ɗaure a bayan kekensa. Sana'arsa gyaran sikeli. Fuloti kuwa ita ce kasuwar audugar gwamnati, inda ake duba kyan kaya, a auna, a biya manomi farashin da aka yanko tun daga sama. Ba a buɗe ta sai Raufu ya zo ya zazzage duwatsun awonsa, ya ɗora su ɗaya bayan ɗaya, ya ga allura ta tsaya inda ya kamata.

An sha gwada shi. Wani mai saye a wajen Bakori ya taɓa jan sa gefe, ya ce ya ɗan karkata allurar yadda za ta riƙa cin laba biyu a kowane buhu, nasa kason yana nan. Raufu ya rufe akwatinsa ya hau keke, fuloti ta kwana biyu ba a yi awo ba. Daga nan manoma suka riƙa cewa in shi ya taɓa sikeli, ka ɗora audugarka ka juya baya. Shi ma, ba laifi, yana da ɗan alfahari da abin. Sai ya bugi ƙirji ya ce, "Hannun nan bai taɓa sa wa ƙarya hannu ba."

Mutumin Ogbomosho ne, a jirgin ƙasa ya zo Arewa a 1951, yana saurayi ɗan shekara goma sha bakwai, bai kuma sake komawa ba sai don ganin gida. A Funtuwa ya auri Sakinatu mai sayar da kwanuka da tasoshi a kasuwa, a nan ya gina ɗakuna uku jikin katangar Malam Maitama, wani dogon manomin auduga mai yawan barkwanci. Da aka haifa masa 'yar fari aka raɗa mata Shafa'atu, a gida kuma ana kiran ta Abike. Matar Maitama ce ta karɓi haihuwar, ita ta binne cibiyar a bayan ɗaki.

To, Bahaushe ɓoye sunan ɗan fari yake yi don kunya, Bayarabe kuwa a kansa yake ɗora shi kamar hula. Tun daga ranar suna Raufu ya zama Baba Abike, har sunansa na yanka ya nemi ɓacewa a gari. Maitama ba ya gajiya da tsokanarsa.

"Kai dai Bayarabe ba ka da ta ido. Ɗiyar fari, kana faɗin sunanta gatsal a bainar jama'a?"

"Malam Maitama, ni na haife ta ko arowa na yi? In ban faɗa ba wa zai faɗa?"

Yarinya ta tashi da kai. Ta gama firamare, ta wuce sakandaren 'yan mata, a 1978 ta fito da sakamakon da ya sa malamanta suka biyo ta har gida da barka. Jami'a a Zariya ta ba ta gurbin karatun haɗa magunguna. Ran da takardar ta iso, Raufu ya zagaya da ita kasuwa rumfa-rumfa, yana nuna wa har waɗanda ba su iya karatun boko ba.

Sai dai ashe shekarar ba ta 'ya'yan talaka ba ce. A cikinta ne gwamnati ta ninka kuɗin abinci da na ɗakin kwanan ɗalibai har sau uku, ɗalibai suka yi bore, aka harbe wasu. Ƙasar da a bara ta tara duniya a Ikko, wato Legas, aka kwashe wata guda ana kiɗa da rawa da kuɗin man fetur, ita ce yau ta ce shinkafar ɗalibi ta yi mata nauyi! Aikin sikeli na wata uku ne zuwa huɗu a shekara, ga ƙannen Abike biyar a bayanta. Ko Sakinatu ta karyar da kayan rumfarta kaf, shekara ɗaya za su ɗauka, karatun kuma na shekara biyar ne. Hanya ɗaya ta rage, sukolashif, wato tallafin da jiha ke ba 'ya'yanta.

Raufu bai damu ba, kuma a nan ya yi kuskurensa. A tunaninsa ɗan gari shi ne wanda aka binne cibiyarsa a garin, ubansa kuma yake biyan haraji a cikinsa. Ya sa riga mai kyau, ya ɗauki gwangwanin da yake tara takardun harajinsa na shekara ashirin da bakwai, ya tasa 'yarsa gaba zuwa ofishin da ake ba da shaidar asali.

Akawun ya dubi takardar, ya dubi tsagen fuskarsa.

"Ina ne asalinku?"

"Funtuwa."

"Ba inda kuke zaune nake tambaya ba, Baba. Asali."

"Ɗana, nan aka haife ta. Zo in nuna maka inda cibiyarta take. Ga harajina, ko shekara ɗaya ban tsallake ba."

Akawun ko buɗe gwangwanin bai yi ba. Ya ce doka ce, ba shi ya yi ta ba, tallafi na 'yan asalin jiha ne, su nemi jiharsu. Ya miƙa hannu ya karɓi takardar na bayansu.

Suka hau jirgi suka yi kudu. A can aka ce ya kawo shaidar ya biya haraji a jihar shekara uku a jere. Ya buɗe gwangwaninsa, aka ce wannan ai na Arewa ne. Aka yi wa Abike tambaya da Yarbanci, ta amsa da irin nata Yarbancin na Funtuwa, ma'aikatan suka kwashe da dariya suna kiran ta 'yar Hausa. Haka suka dawo, ba tsuntsu ba tarko, saura mako biyu a rufe karɓar takardun neman tallafin.

Raufu ya je bakin gidan waya ya sa mai rubuta wasiƙa ya rubuta masa koke har uku, ɗaya zuwa birnin jiha, ɗaya Ikko, ɗaya gidan jarida. Har yau ba a amsa ko ɗaya ba. Abin da ke cikinsu shi ya zazzage wa 'yan majalisar ƙofar gidan Maitama bayan la'asar.

"Ran da mai karɓar haraji ya zo, ya tambaye ni asali? Ran da suke zaftare kuɗin audugarku suna cewa za a gina makarantu, sun tambayi buhu ɗan wace jiha ne? Gwamnati ɗaya ce in za ta karɓa, in za ta bayar sai ta rabu goma sha tara! Yarinyar nan in ta haɗa magani, Bayarabe kaɗai zai sha? Kowa ya ci ladan kuturu ai dole ya yi masa aski. Duk yaron da ya ci jarrabawa a ɗauki nauyinsa, a daina tambayar kabarin kakansa!"

Kowa ya ce gaskiya ne, kowa ya tashi ya tafi sallar magariba. Maitama kaɗai ya tsaya. Washegari da safe ya sami Raufu a rumfarsa yana goge wata ƙugiyar sikeli.

"Baba Abike, ɗiyar nan a gidana ta koyi tafiya, tuwon gidana ta ci ta girma. Ara mata sunana. Mu tahi kotu in rantse ɗiyata ce, a rubuta Shafa'atu Maitama, mai unguwa shi sa hannu. Ba wanda za shi tona."

Raufu ya ajiye ƙugiyar. "Malam Maitama, ka san abin da addini ya ce a kan jingina ɗa ga wanda ba ubansa ba."

"Na sani sarai. Na kwana da shi. Alhakin na bisa wuyan waɗanda suka sa mu."

"Ba zan yi ba."

Kwana uku yana kan bakansa. A rana ta huɗu ya biya ta kasuwa, ya hango Abike zaune a rumfar uwarta tana jera tasoshi, wata mata tana taya ta a kan sulai. Da Abike ta gan shi ta taso ta durƙusa har ƙasa yadda 'ya'yan Yarbawa ke yi.

"Baba, kada ka sa wa ranka damuwa. Na haƙura. Zan riƙe wa Iya rumfa."

Da kuka ta yi masa, ko ta yi fushi, da wataƙila ya iya daurewa. Wannan haƙurin ne ya karya shi. Bai koma rumfarsa ba, kai tsaye gidan Maitama ya nufa.

A kotu Maitama ya yi rantsuwar. Aka ce ana bukatar shaida guda wanda ya san yarinyar tun haihuwa. Wa ya fi Raufu saninta? Ya karɓi alƙalami da hannun nan da yake bugun ƙirji da shi, ya sa hannu, a gurbin dangantaka aka rubuta masa "maƙwabci". Cikin kwana biyar takardar asali ta fito, cikin wata guda sunan Shafa'atu Maitama ya bayyana a jerin waɗanda jiha ta ɗauki nauyinsu. Yarinya ɗaya, kai ɗaya, sakamako ɗaya. Uban kawai aka canja, sai ga kuɗi sun samu.

Akwai sharaɗi a ciki. In ta gama za ta yi wa jiha aiki na wasu shekaru, in kuma aka gano an yi ƙarya, za a ƙwace aikin a maka su a kotu. Don haka abin ya zama na rufa-rufa har ƙarshe. Wasiƙun makaranta gidan Maitama suke zuwa, shi yake leƙowa ta katanga ya miƙa. A unguwa kowa ya san gaskiya, ba kuma wanda ya taɓa ɗaga maganar, don ba gidan da bai san zafin kuɗin makaranta ba. Raufu ya ci gaba da zagaya fuloti, allurarsa na tsayawa daidai kamar kullum, amma ba a ƙara jin ya bugi ƙirji ba. Maitama ma ya daina tsokanar nan ta ɗiyar fari.

Ni dai abin da ke ƙona mini rai shi ne, ba ɓarayi aka mayar maƙaryata ba, ɓarawo ai ba ya bukatar taimako. Mutum biyu aka samu masu tsoron Allah, aka matse su a lungu har suka rantse a kan ƙarya, don kawai yarinya ta ci abinci ta sami gadon kwana ta yi karatun da ƙasar ce za ta mora. Wanda ya tsara dokar kuwa nasa 'ya'yan suna Ingila, bai taɓa sanin an yi wani Raufu ba.

A ƙarshen 1983 aka yi bikin yaye su. Sakinatu ta fitar da anko, atamfa shuɗiya, matan gida biyun duk suka ɗinka. Raufu ya sa babbar rigarsa ta saƙin Yarbawa wadda rabonta da fitowa tun ranar aurensa. Suka cika mota guda suka tafi Zariya. A hanya Maitama ya yi ta ce masa, "Yau ranarka ce, Bayarabe, ka yi rawarka, ni ban gani ba."

Aka kira Shafa'atu Maitama a lasifika, ita ce ta ɗaya a ajinsu. Raufu ya zabura zai miƙe, Sakinatu ta riƙe masa gefen riga, ya koma ya zauna. Ya tafa kamar yadda na kusa da shi suka tafa.

Bayan an tashi suka taru a gindin wata bishiya za a ɗauki hoto. Abike na tsakiya da rigar digiri, ta kamo hannun ubanta ta tsayar da shi a damanta. Mai hoto na gyara kyamara ke nan sai ga wani mutum cikin farar shadda da 'yan rakiya. Babban jami'i ne daga ofishin tallafin, yana zagayawa yana taya 'ya'yan jiha murna. Ya washe baki ya ce wannan yarinya ta fitar da su kunya, ga amfanin kashe wa 'yan asalin jiha kuɗi, dole a yi hoton da shi.

"Ina mahaifin nata?"

Maitama ya sunkuyar da kai yana kallon takalminsa. Abike ta ƙara damƙe hannun ubanta, bakinta ya buɗe, kuma Raufu ya san abin da za ta faɗa, ya san abin da zai biyo baya. Ya zare hannunsa a hankali, ya kamo Maitama ya jawo shi inda yake tsaye.

"Ga shi nan, ranka ya daɗe."

Jami'in ya girgiza hannun Maitama da hannu biyu, ya yi masa barka, ya ce Allah ya sa sauran iyaye su yi koyi da shi. Sa'an nan ya juyo ya dubi gajeren mutumin nan mai tsage da babbar riga.

"Kai fa, Baba?"

"Maƙwabci ne ni. Gyaran sikeli nake yi."

"Madalla. To, ɗan matsa gefe kaɗan, a bar iyaye a tsakiya."

Ya matsa. Hoton yana nan rataye a rumfarsa har ya rasu, sama da akwatin duwatsun awo. Abike ba ta kallon kyamara a ciki, gefe take kallo, can ƙarshen hagu, inda ake ganin kafaɗar wata babbar riga da rabin fuska.