Likkafanin Kaka a Cikin Gilashi

Ko yanzu in na ratsa layin masu kayan yaji a Bab Makka, ƙanshin kanumfari ya bugi hancina, sai in tuna da Kaka. Kanumfari Kaka ke zubawa a akwatinta na ƙarfe don kada asu ya ci abin da ke ciki. Abin da ke ciki kuwa, likkafaninta ne.

Kai mai karatu, kada ka ɗauka yadin kanti nake nufi. Farar saƙar hannu ce, sirara-sirara, an haɗa su da allura. Uwar Kaka ce ta kaɗa zaren da mazarinta a wani ƙauye wajen Damagaram, ta kai wa masaƙi, aka yi guda biyu. Da su suka keto Cadi da Sudan a ƙafa, shekara da shekaru suna tafe, Kaka tana yarinya. Da suka iso Makka, uwar ta wanke duka biyun da zamzam, tun ana jansa da guga. A cikin ɗaya aka binne ta. Ɗayan ya zauna yana jiran Kaka.

Muna zaune a unguwar Sa'alaba, a wani birnin bakin teku kusa da Makka, a gida mai ɗakuna ƙanana da ke gumi duk bazara. In sanyi ya shigo, damshin teku ya lafa, Kaka takan hau soro ta shanya likkafanin a inuwa. Mu yara mukan watse don tsoro, ita ko tana dariya. Ni take kamawa, ta ce, "Zo nan, Balarabiyar Sa'alaba, riƙe min bakinsa. Tufata ce ta zuwa gida, me ye abin gudu?" Launinsa ya koma ruwan ƙwai-ƙwai, da tabon ruwa nan da can. Takan shafa tabon ta ce nan hannun innarta ya matse.

Na girma, na shiga karatun tarihi. A shekarar ƙarshe aka tura ni koyon aiki wani ƙaramin gidan tarihi a tsohon gari, gidan wasu attajirai da suka mai da shi wurin baje kayan da. Ustazar da ke koya min mace ce mai natsuwa. A wurinta na koyi ɗaukar tsohon abu da hannu biyu, da kaɗe ƙura da tattausan burushi, da lulluɓe tufa da takarda marar sinadarin da ke cin tufa. Ina son aikin ƙwarai, ba zan ɓoye ba.

Ana shirin baje kayan alhazan zamanin da, kafin lokacin Hajji ya zo. Ga akwatin mutanen Jawa, ga butar Bukhara, ga tasbahar Hindu. Na duba na sake dubawa, ko ƙoƙon ɗan Afirka babu. Na dawo gida ina ta faɗa. Kaka tana ɓarar gyaɗar da za ta kai talla, ta ɗago kai.

"Babu namu? Mu da muka zo da ƙafa?"

Washegari ta buɗe akwatin. Inna, mahaifiyata, ta ce, "Haba Iya, a'a!" Ba ta ko kalle ta ba. Ta ɗora min shi a hannu ta ce, "Aro na ba su, har alhazai su watse. Su gani su sani mun zo. Amma ki faɗa musu, kada ruwa ya taɓa shi."

Na faɗa. Ustaza ta fahimta, har idonta ya ciko. Muka ninke shi a kan allo mai laushi, muka sa a akwatin gilashi. Sai dai gidan ba nata ba ne. Ɗan mai gidan ya zo duba shiri ranar da nake makaranta, ita kuma ta fita sayo fitilu. Ya ga tufa mai tabo a ƙarƙashin haske, ga manyan baƙi za su zo buɗewa, sai ya ce wannan dauɗa ba za ta kunyata shi ba. A ganinsa gyara ya yi. Ya miƙa wa direbansa, aka kai gidan wanki, suka jiƙa shi da bilic suka jefa a inji.

Wayyo Allah! Audugar da ta girmi uwata, ina za ta iya da inji? Ya dawo fari fat, ya rabu gida-gida ta wajen ɗinki, tsakiyarsa ta zama zare-zare kamar ragar kifi. Ustaza ta zauna a ƙasa tana kuka. Shi kuwa ya ce, "Halas, ma'alesh, shi ke nan, ba komai, zan saya mata sabo, mafi tsada." Na tsaya ina kallonsa. Ban zage shi ba, domin iƙamar babana, wato takardar izinin zamansa a ƙasar, a hannun wani ɗan'uwansu take. Baƙin cikin shirun nan har yau bai sake ni ba.

Na kwaso abin da ya rage na kawo gida. Idon Kaka ya riga ya yi rauni, da hanci ta fara ganewa. Ta shinshina, ta ajiye. Inna ta ce za a kawo zamzam jarka guda a sake wankewa. Kaka ta ce, "Zamzam ai ga shi nan har a bakin titi. Hannun innata fa?"

Sannan ta miƙe tsaye, ta ɗauki ɓangaren da ya fi girma, ta kara a ƙirjinta. Ta ce da ni, "Duba min. Zai rufe ni?" Ko gwiwarta bai kai ba. Na ce mata bai kai ba. Ta ce, "To."

Daga ranar ta daina zuwa talla. Kullum da hantsi tana bakin ƙofa da allura, ni ina zura mata zare, tana haɗa sirara ɗaya da ɗaya. Inda ta ɗinka yau, gobe gefensa ya yage. Ba ta taɓa ce min laifina ne ba, ba ta kuma sake kirana Balarabiya ba. Alhazai suka zo suka watse, tana ɗinki. Ana cikin tsananin zafin da ya biyo baya ta kwanta, ba ta tashi ba.

Baba ya sayo yadi a Bab Makka. Ni da Inna da matan unguwa muka yi mata wanka, muka naɗe ta a ciki. Cikin likkafanin da innarta ta bar mata, sirara biyu kawai muka samu masu ƙarfin da za su ɗaure. Ɗaya a kai, ɗaya a ƙafa.

Yanzu an gyara tsohon gari, an shafe gidajen da farin fenti, 'yan yawon buɗe ido suna ɗaukar hoto. Likkafani a leda ake sayar da shi, an yanka an ninke, kowa da irin na kowa. Na kammala karatun, amma ban sake aiki a gidan tarihi ba. Kwanakin baya 'yata, wadda ke jin Hausa ba ta iya mayarwa, ta dawo daga ziyarar makaranta. Sun zaga wani ɗakin kayan alhazan da. Ta tambaye ni da Larabci, "Mama, mu ba mu zo da komai ba ne?"

Na ce mata mun zo da shi. Ta tsaya tana jiran in faɗi inda yake.