Tanderu Na Huɗu Na Donya Lugarda

Ranar Talata, huɗu ga Maris, da hantsi, 'yarki Bernarda ta aiko mini cewa kin cika, Donya Lugarda. A kan gadonki, cikin ɗakinki, a garinmu Huchitan. Na ce alhamdu lillahi, ƙasa dai ba ta ci wasan ba. Sai da kika gama sannan ta same ki.

Shekara hamsin muna maƙwabtaka, ke kika riƙe 'yata ranar baftisma, saboda haka ina da bakin magana.

Babbar girgizar ƙasar nan ta Satumba ta rushe rabin unguwarmu, ta fasa tanderun da kike gasa gurasar masara, wanda da shi kika ciyar da 'ya'ya biyar. Amma ba ita ta karya mutane ba. Ƙananan da suka biyo bayanta ne, yau uku, gobe goma, wata da watanni. Mutum ya ɗora bulo, ƙasa ta sauke masa. Muka koma zaman tsakar gida, ido a kan reshen mangwaro, in ya motsa ba iska sai salati.

Ke kuwa sai kika sayo sabon tanderu. Sati biyu, ya tsage. Kika sayo na uku, kika sa aka ɗaure shi da siminti tamau. Ya tsage har gindi.

A ranar ne ɗanki Ebaristo ya zo da mota daga babban birni.

"Mama, ki shiga mu tafi. Ƙasar nan ba ta son ki."

Kika ce, "Uwarka ce ta fara zuwa ko motarka? Cibiyata tana ƙarƙashin mangwaron can. Ka tono ta, sai in bi ka."

Na yi dariya, kika juyo kaina. "Kai kuma Chinto, tsohon banza, maimakon washe haƙora ka kawo mini yashi."

Na kawo, baro takwas, bayana bai yafe miki ba har yau. Kika zaunar da na huɗu cikin yashi, ba siminti, kika ce in ƙasa za ta yi rawa, a bar shi ya taya ta. Bai tsage ba. Ƙamshin hayaƙinki ne ya fara dawo da matan layinmu bakin wuta. Wanda ba shi da ko peso ɗaya ma bai koma gida hannu sake ba.

Jiya, ranar addu'ar kwana tara, ƙasa ta ɗan motsa. Baƙi suka yi waje da gudu. Bernarda na tsugune bakin tanderunki, hannunta cikin wuta tana manna gurasa. Ko ɗagowa ba ta yi ba. Ta ce wa ƙasa, "Kin makara, Mama ta riga ta koya mini."

Allah ya jiƙanki, Lugarda, ya ba ki hutun da kika hana kanki. Ya ba Bernarda da Ebaristo da 'yan'uwansu haƙuri. Ƙasar da ta karɓe ki kuma, ta zauna lafiya. In ta ƙi, akwai sauran yashi.