Tashin Duniya a Garejin Lyon

Taubashina ɗan goggona ne. Ni musulmi, shi kirista, domin goggo kirista ta aura a can gefen Maraɗi, kuma wannan bai taɓa hana mu cin tuwo kwano ɗaya ba. Tare muke ɗaukar akwatunan kayan miya a kasuwar Rungis, nan bakin Paris. Ina ce mishi bawana, yana ce mini bawansa, haka muka tsufa.

Takardar zamansa ta kusa ƙarewa a shekarar da nake magana. Wanda bai zauna ƙasar nan ba ba zai gane ba. Kafin ka samu randebu, wato ranar ganawa, a ofishin farfe mai ba da takardun zama don sabunta ta, sai ka yi watanni kana danna waya kamar mahaukaci. Ɗiyata ce ta samo mishi ranar, bayan ta sha wahala. In takardar ta mutu, aiki ya mutu, ɗakinsa na Clichy-sous-Bois ma ya tafi.

Ana haka ya haɗu da wasu mutane na Lyon. Shugabansu wai ya yi lissafi cikin littafi ya gano ranar da duniya za ta tashi. Ranar kuwa ta faɗo mako ɗaya da randebun.

Wata safiya mun tashi aiki muna shan kafe a tsaye, sai ya ce mini, "Bawana, ka yafe mini duk abin da na yi maka. Zan tafi Lyon."

Na ce, "Randebun fa?"

Ya ce, "Wa zai tambayi takarda ranar?"

Na ce, "Kai jaki ne tun muna yara, amma ban san ka kai nan ba. Je ka karɓi takardarka, in duniya ta tashi ka tashi da ita a aljihu. Nauyi gare ta?"

Dariya ya yi. Ya ce tafiya ofishin alamar shakka ce, kuma shugaba ya ce duk mai shakka a baya za a bar shi.

Na kira goggo. Tsohuwa ta yi ta faɗa a waya, ta ce ita tun tana amarya take zuwa coci, abin da aka koya musu ba mai sanin ranar sai Allah. Na ce mu ma haka ne wajenmu. Ta ce in je in jawo mata shi ko da kunne ne.

Na roƙi shef, ubangidanmu a wurin aiki, hutu, na hau kar, babbar motar fasinja, zuwa Lyon ana gobe randebu. Na iske su cikin wani gareji a bayan gari, sun shimfiɗa tabarmin roba, mata da yara, kowa da fararen kaya. Akwai wadda ta cire ƴaƴanta daga lakwal, ba sauran karatun boko. Na ja taubashina waje, na nuna mishi tikitin komawa da na saya mishi. Na zage shi, na lallashe shi, har sunan uwarsa na kira. Ya riƙe hannuna ya ce, "Zauna da mu mana, ko ka samu shiga cikin masu tsira." Ni yake tausayi! Na koma Paris ni kaɗai, kujerarsa ba kowa.

Ranar ta zo ta wuce. Motocin tumatir suka shigo Rungis kamar kullum, muka sauke.

Abin da ya fi ƙona mini rai ba wannan ba ne. Na ɗauka shugaban zai tsaya gabansu ya ce ya yi kuskure, a yafe mishi. Ina! Cewa ya yi lissafi daidai yake, abin ya auku, sai dai a sama ya auku, ba a ƙasa ba. Wasu suka watse. Waɗanda suka rage suka yi wa garejin fenti, suka sayi kujeru, suka kafa allo da sabon suna a ƙofa. Coci ta samu ke nan. Wani ɗalibi ɗan Zinder da ke zuwa gidana cin abinci ya ce ba sabon abu ba ne, akwai babbar ɗarika da ta faro haka a Amerika tun zamanin kakanni, rana ta wuce ba abin da ya faru, sai aka sake fassara. Yana faɗi yana murmushi kamar labari mai daɗi. Na ce wa yaron, "A littafin naku an rubuta inda mutanen suka kwana bayan nan?" 

Ni na san inda nawa ya kwana. Takarda ta mutu, shef ya ce ba zai iya riƙe shi ba, ɗaki ya tafi. A falona yake, kan katifar da muke jinginewa bayan kujera da rana. Yana gasa masara cikin keken kanti a unguwar Porte de la Chapelle, in ya hango ƴan sanda ya tura keken ya ruga, mutum mai furfura. Ɗiyata ta koma danna waya tana neman wani randebu, har yau shiru.

Duk ƙarshen wata yana hawa kar zuwa Lyon, shi ke share garejin. Rannan yana ɗaure takalmi na ce, "Bawana, in sun sake sa rana, ka ce musu su fara tambayar ɗiyata, kada ta sake cin karo da randebu." Bai yi dariya ba. Ni ma ba wasa nake ba.