Wasiƙar da Baba Bai Aiko Ba

Bayan na ajiye aikin koyarwa na dawo gida Ƙanƙara, na ɗora wa kaina wani aiki da babu wanda ya sa ni: adana tsofaffin rajistocin makarantar firamaren da na yi karatu a cikinta. Guda goma sha ɗaya ne, gara ta riga ta fara cin gefensu. Nakan aro ɗaya, in ɗauki hoton kowane shafi da waya, in zuba a kwamfutar ɗakina, sannan in mayar. Mutane kan zo daga Pauwa, daga Tafoki, har daga Sabuwa, suna neman shaidar shekarar da aka sa su makaranta, domin da yawansu ba su da takardar haihuwa.

Tara daga cikin rajistocin na kwafe su a filash na kulle a akwati. Biyun ƙarshe, waɗanda suka fi tsufa, na gama ɗaukarsu ne daf da damina. Mako biyu da mayar da su iska ta yaye rufin ɗakin ajiyar makarantar, ruwa ya mai da su kunu. Hotunan wayar kuwa tuni na goge su don samun wuri. Wato babu inda sunayen nan suka rage a duniya sai cikin kwamfutata, kuma kullum ina ce wa kaina gobe zan kwafe.

Wata Talata da hantsi na buɗe imel na tarar da wasiƙa ɗauke da sunan tsohon hedimastanmu, dattijon da ke zaune a Faskari, wanda dukanmu muke kira Baba. Shi ya koya mini riƙe alƙalami, shi ne kuma ya sa baki aka yarda ana ba ni aron rajistocin. Layi biyu ne kacal da Turanci: in buɗe takardar da aka maƙala, in duba da gaggawa.

Dole in faɗi gaskiya a kan kaina. Na ga alamar. Baba bai taɓa rubuto mini wasiƙa ba tare da sallama ba, ba tare da tambayar iyali da gona da ruwan sama ba. Gaisuwarsa takan fi saƙon tsawo. Kuma ban taɓa jin kalmar gaggawa a bakinsa ba. Na ɗauki waya har na nemo lambarsa, sai na tsaya. Me zan ce? Baba, da gaske kai ka aiko? A tarbiyyar da aka yi mana, wanda ya haife ka ko ya karantar da kai idan ya aiko ka, tafiya kake yi, ba ka komawa ka nemi tabbaci. Tambayar kanta ta yi mini kama da tuhuma. Na ajiye wayar, na buɗe takardar.

Babu abin da ya fito. Wani baƙin akwati ya ɗan ƙyafta a fuskar kwamfutar ya ɓace. Sai fankar cikinta ta fara gurnani kamar injin niƙa. Na buɗe jakar da rajistocin suke ciki, na ga ƙananan hotunan shafukan suna rikiɗewa ɗaya bayan ɗaya suna komawa fari. Na taɓa na farko, ya ƙi buɗewa. Na biyu ma haka. Abin ya fara ne daga mafi tsufa, yana gangarowa a tsanake, kamar mai aikin da ya san ba za a kore shi ba.

Na kira taubashina, ɗan ƙanwar mahaifina, wanda yake da shagon gyaran kwamfuta kusa da kasuwa.

“Sarkin takardu,” in ji shi, “yau kuma wa ya karya doka?”

Na gaya masa abin da nake gani. Dariyar ta ɗauke nan take.

“Kashe ta.”

“To, bari in rufe abubuwan da ke buɗe tukuna, in bi ta hanyar da ta dace.”

“Wace hanya? Malam, ɓarawo shina cikin ɗaki yana kwasa, kai kana gyara zaman hula? Danne maɓallin wuta, kar ka ɗaga yatsa sai ta mutu!”

Shekaru ina hana ɗalibai kashe kwamfuta haka, ina ce musu ɓarna ce. Yatsana yana kan maɓallin amma na kasa dannawa, ina kallon shafuka uku suna ƙara tafiya. Sannan na danna. Ɗakin ya yi tsit.

“Akwai filash a akwati,” na ce, “bari in sa in ga ko tana nan lafiya.”

“Ka sa ta ka ga mi? Ka haɗa mai lafiya da mai ƙyanda tabarma ɗaya? Bar ta inda take. Naɗo kwamfutar ka taho.”

A shagon ya kwance ta, ya ciro rumbun ajiyarta, ya haɗa da wata tsohuwar na'ura da ba ta kan intanet. Muka zauna muna kallon jerin yana fitowa a hankali. Ana kiran sallar azahar ya nuna mini wasiƙar a wayata, ya taɓa sunan Baba. A ƙarƙashin sunan sai ga wani adireshi daban, tarkacen haruffa da lambobi na wata ƙasa. Suna ne kawai aka ara aka lulluɓe da shi.

“Da ka taɓa nan, da ka gani. Kuma riga-kafin kwamfutarka rabonshi da sabuntawa tun kafin azumi. Kai da ke rubuta ranar da kaza ta yi ƙwai!”

Abin da ke ci mini rai ba wautata kaɗai ba ce. Wani ne can, wanda bai san Faskari ba, bai san alli nawa dattijon nan ya shaƙa ba, ya ɗauki sunansa ya yi tarko da shi. Ya yi amfani da ladabinmu ya shiga gidajenmu. Har yau idan na tuna raina yakan ɓaci.

Bayan salla sakamakon ya bayyana. Rajista ta biyu ta tsira, in ban da shafuka kaɗan. Mafi tsufar, ta ɗaliban farko na makarantar, ta tafi gaba ɗaya.

Washegari da safe na tafi Faskari, na durƙusa na faɗa wa Baba komai, har da wayar da na ɗauka na ajiye.

“Da ka kira ni, da na ji daɗin muryarka,” ya ce. “Ɗauko takarda.”

Ya rufe ido ya fara jero sunayen ɗaliban shekarun farko kamar yadda yake kiransu kowace safiya, da sunan uba da unguwa. Ya kawo da yawa. Shekarun shiga ne suka riƙa kuɓuce masa. A saman takardar na rubuta cewa daga ƙwaƙwalwar hedimasta aka samo, ba daga rajista ba.

Da kaka ta yi, wani tsoho ya zo daga Sabuwa, yana neman shaidar shekarar da ya shiga aji ɗaya. Sunansa yana cikin takardar Baba, babu shekara a gabansa. Ya roƙe ni in kintata in sa hannu, tunda kowa ya yarda da ni. Na ce masa ba zan iya ba, na kuma gaya masa dalili, ban ɓoye laifina ba. Ya ce Allah ya kiyaye gaba, ya sa takalmansa ya fita neman mota.