Fistin Ɗin Goggo

Duk wanda ya san Baba Kafinta ya san Goggo. Goggo ba mutum ba ce, tsohon babur ne baƙi mai jan tanki, wanda ya saya tun kafin ya yi aure. 'Ya'yansa ne suka laƙaba masa sunan, wai tunda ya girme su duka, rashin kunya ne su kira shi babur gatsal.

A bayan Goggo ya yi jigilar katako da ƙofofi, a kanta ya kai matarsa asibiti haihuwar fari, tana ranƙwashinsa duk inda ya faɗa gargada. Shi mutum ne da ya tsani a ce masa "ai duk ɗaya ne". In ƙofa ta ƙi zama ba ya bin ta da guduma, sauke ta yake yi ya fere. Haka yake da Goggo, bai taɓa barin hannun wani ya shiga cikinta ba.

Bara ne injin ya buga a hanyar kasuwa. Ya turo ta gida yana haki, ya kwance ta a ɗakin ajiya, ya jera kusoshin a kan farantin matarsa mai fure ba tare da ya tambaya ba. Sai ya tarar fistin ya tsage, ƙarfen nan mai kama da ƙaramin kofi da ke hawa da sauka a cikin inji. Ya naɗe shi a tsumma ya jefa a aljihu, ya shiga nema. Kaf rigunansa babu wadda aljihunta bai yi baƙi ba.

Masu sayar da kayan gyara kuwa bakinsu ɗaya: "Baba, wannan zai shiga." Ina! Wani faɗinsa daidai amma ramin sandar da ke riƙe shi ya yi girma, wani kuma kansa ya yi tsawo. Baba yana da gwajinsa: ya shafa wa fistin mai, ya zura shi a bulok, wato gidan da yake kai da komo, ya toshe saman da tafin hannu. Na gaske a hankali yake sauka. Waɗannan kuwa sai dai ka ji ƙwal, sun faɗo ƙasa. Daga ƙarshe wani dattijo mai shago ya gaya masa gaskiya: bayan irin nasa kamfanin ya sake fasalin injin, sai dai ya samu babur ɗin da suka iso tare da nasa.

A gida kuma haƙuri ya ƙare. Autarsu ta gama koyon saƙa, tana son ɗakin ta kafa injinta.

"Malam, ni fa na gaji," in ji matarsa. "In wata ya ƙare Goggo ba ta tashi ba, masu sayen tsohon ƙarfe za su zo. Kuma a maido mini da farantina."

Ya ce to, don ya san da gaskiyarta. Amma abin ya tsaya masa a rai, har abinci ya daina yi masa daɗi.

Alhali fa ya san inda fistin yake. Amininsa Tela, rana ɗaya suka sayi baburansu, a shago ɗaya. Tun da idon Tela ya mutu, nasa yake jingine a tsakar gida lulluɓe da zane. Kullum sai ya laluba ya goge shi, yana cewa, "Bari dai likita ya gama da idon nan, ka ga gudu." Kowa ya san idon ba zai dawo ba, babu dai mai faɗa. To ta yaya Baba zai buɗi baki ya ce a ba shi fistin? Ai kamar ya ce masa ya gama hawa ke nan. Gara Goggo ta tafi.

Ana saura kaɗan wata ya ƙare Baba ya je gaishe da Tela kamar yadda ya saba. Yana zama a benci, aljihun ya daki katako.

"Me ke nan kake yawo da shi kamar mai tallar ƙarfe?" in ji Tela. "Miƙo."

Tela ya juya abin a hannu, ya bi tsagar da babban yatsa.

"Kafinta, ashe kai sakarai ne? Tun bara nake jin ka kana zuwa a ƙafa. Ka ɗauka kunnen ma ya mutu?"

"Naka ne, Tela. In idonka..."

"Bar zancen idon nan, na fi ka sanin inda ya kwana. Yaye zanen. Ka ɗauke har da bulok ɗin, sun saba da juna, kada ka raba su."

Baba ya kwance injin aminin nasa. A gida ya shafa mai, ya toshe da tafi. Fistin ya sauka a hankali, sumul. Da ya gama ɗauri, bugu na biyu Goggo ta yi tari ta kama, hayaƙi ya cika ɗakin. Matarsa ta fito tana faɗa tana dariya, ta ɗauke farantinta. Autar ta samu ɗaki, Goggo ta koma ƙarƙashin rumfa.

Bai tsaya ko wanke hannu ba, sai ƙofar Tela. Ya kama shi ya ɗora a baya.

"Rage wuta, kada ka kashe mini inji!"

"Injin wa? Goggo ce fa."

"Goggo a riga dai. Wannan muryar ta nawa ce, ko a cikin dubu na san ta."

Daga nan Tela ya kifa goshi a bayan Baba, iska na kaɗa musu riguna, har Baba ya ji bayan rigarsa ya jiƙe. Bai waiwaya ba, ya dai saki hanyar gida ya bi mai nisa.

Har yau suna musun mai babur ɗin, kuma babu alamar za su gama. Amma ran nan, da ya sauke shi a ƙofar gida, Tela ya laluba ya dafa tankin mai ɗumi, ya ce, "Ka ce wa autarka ta zo ta ɗauki zanen can, ba abin da zan ƙara lulluɓewa. Kai kuma gobe ka zo da wuri."